Kama Geronimo Aka Yi, Ko Miƙa Wuya Ya Yi? Fashin Baƙi Kan Laftanar Gatewood Da Apachawa

A daren da sojojin Amurka suka kashe Usama bin Ladan a Abbottabad ta ƙasar Pakistan, cikin watan Mayun 2011, saƙon da suka tura gida na cewa aiki ya kammala yana ɗauke da suna guda: Geronimo, sunan wani jagoran yaƙin ƙabilar Apache na ƙarni na 19. Apachawan Amurka sun ji zafin abin ƙwarai, har shugaban ƙabilarsu ta Fort Sill ya rubuta wa Shugaba Obama takarda yana neman a ba su haƙuri. Tun daga lokacin, duk sa'ad da sunan ya taso, sai ka ji ana maimaita labari guda: wai wani gawurtaccen ɗan ta'adda ne da rundunar Amurka ta yi wa ƙawanya ta cafke.

Mu ma nan ba mu tsira daga wannan fahimta ba. Da yawanmu a finafinan kaboyi muka fara ganin waɗannan mutane, muna kiransu "Indiyawan daji", muna tafi idan sojan doki suka ɓullo daga bayan dutse ana busa begila. Yau kuma sunan Apache ya fi tuna mana da jirgin yaƙi mai saukar ungulu fiye da mutanen da ke da sunan.

To shin da gaske kama Geronimo aka yi? In ba haka ba, wa ya fito da shi daga duwatsun Meziko a 1886, kuma da me? Amsar tana wurin wani ƙaramin hafsan sojan doki, Laftanar Charles B. Gatewood, wanda ya mutu babu lambar yabo ko ɗaya kan wannan aiki.

Su wane ne Apachawa, kuma mene ne "bakin iyaka"?

Apache suna ne da baƙi suka laƙaba musu. Su kansu suna kiran kansu Ndee ko Nde, ma'ana "mutane". Ba su da sarki guda da ke mulkinsu duka. Rassa ne daban-daban masu harshe makusanci: akwai Chiricahua, da Mescalero, da Jicarilla, da Lipan, da kuma Apachawan Yamma irin su na White Mountain. Kowane reshe ya kasu zuriya-zuriya, kuma shugaba ba ya iya tilasta wa kowa bin sa. Ana bin mutum ne gwargwadon yardar da aka yi masa. A riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya. Ƙasarsu ta haɗa da inda yau ake kira Arizona da New Mexico a Amurka, da jihohin Sonora da Chihuahua a Meziko.

"Bakin iyaka" kuwa a tarihin Amurka yana nufin gefen da baƙi farar fata suka kai a mamayar da suke yi zuwa yamma. Kullum gusawa yake yi, kuma duk inda ya gusa, ƙasar wasu ya shiga. Aikin sojan doki shi ne tsare hanyoyi da gonakin kiwo da ramukan ma'adinai na waɗannan baƙi, da kuma tattara 'yan asalin ƙasa a killace su a keɓaɓɓun matsugunai da gwamnati ta shata musu.

Shi Geronimo sunansa na yanka Goyahkla, wato "mai hamma". Ɗan Chiricahua ne, kuma bai taɓa zama sarki ba. Mai magani ne kuma jagoran yaƙi, wanda mutanensa suka yi imani yana da wata baiwa ta sanin abin da ke nesa. Mai gadon sarauta a tawagarsa ta ƙarshe shi ne Naiche, ɗan mashahurin shugaba Cochise.

Ruwa ba ya tsami banza

Gaba tsakanin Apachawa da mutanen Meziko ta girmi zuwan Amurkawa. Apachawa na kai hari su kwashe dawaki da shanu, a biyo su da ramuwa. A 1835 jihar Sonora ta fara biyan lada ga duk wanda ya kawo fatar kan Ba'apache, Chihuahua ta bi sahu a 1837. A kusa da garin Janos ne sojojin Sonora suka faɗa wa zangon su Geronimo maza ba sa nan, suka kashe masa uwa da mata da 'ya'ya uku. Har ya mutu bai yafe wa Meziko ba.

Bayan yaƙin Amurka da Meziko, yarjejeniyar 1848 da cinikin ƙasa na Gadsden a 1853 suka mayar da babban ɓangaren ƙasar Apachawa ƙarƙashin Amurka, ba tare da an tambaye su ba. Daga nan sai aka shiga jerin abubuwan da suka koya musu darasi guda: kada ka yarda da tutar sulhu. A Fabrairun 1861 wani matashin laftanar, George Bascom, ya gayyaci Cochise tattaunawa kan wani yaro da aka sace, wanda ba mutanen Cochise ne suka sace shi ba. Sai ya tsare shi a cikin tanti. Cochise ya farke tantin da wuƙa ya tsere, ya kashe waɗanda ya kama, sojoji kuma suka rataye 'yan uwansa, aka shiga yaƙin sama da shekara 10. A Janairun 1863 dattijo Mangas Coloradas, wani babban shugaban Apachawa, ya zo maganar sulhu, aka kama shi aka kashe shi a tsare. A ranar 30 ga Afrilun 1871 wani gungu daga garin Tucson ya far wa Apachawan da ke zaune ƙarƙashin kariyar soja a Camp Grant, aka kashe sama da mutum 100, kusan duk mata da yara. Aka gurfanar da maharan, masu yanke hukunci suka wanke su cikin minti 19.

Cochise ya yi sulhu a 1872, aka bar wa mutanensa yanki a duwatsunsu na gado. Ya rasu a 1874, a 1876 gwamnati ta rushe yankin ta kwashe su zuwa keɓaɓɓen matsugunin San Carlos a Arizona. Wuri ne mai tsananin zafi da ƙura da zazzaɓin cizon sauro, ga jami'an da ke sace abincin da ake raba wa mutane, ga ƙabilun da ba sa ga-maciji an gwama su wuri ɗaya. Mutanen da suka saba da iskar kan dutse suka koma bin layin karɓar gari. A nan ne tura ta riƙa kai bango, wasu su fasa su gudu Meziko, a bi su, su dawo, su sake guduwa.

Kuma a nan ya kamata a faɗi gaskiyar ɗaya ɓangaren. Duk lokacin da aka fasa aka gudu, jinin waɗanda ba su ji ba ba su gani ba ne ke zuba. Mayaƙan suna kashe makiyaya da matafiya, har da mata da ƙananan yara, don su sami dawaki da harsasai ko don kada a ba da labarin hanyar da suka bi. A ƙarshen 1885 wani mai suna Ulzana, da mutanen da ba su wuce goma sha kaɗan ba, ya ratsa Arizona da New Mexico ya kashe mutum 38. Tsoron da mazauna yankin ke ciki na gaske ne. Apachawa da yawa ma sun tsani Geronimo, domin duk abin da ya aikata, a kansu yake ƙarewa.

Sau ɗaya tak aka taɓa kama Geronimo kamu na gaske: a 1877, lokacin da jami'in San Carlos, John Clum, ya yi masa tarko a Ojo Caliente da 'yan sandan da su ma Apachawa ne, ya sa masa mari a ƙafa.

Da ɗan gari akan ci gari

Janar George Crook shi ne ya fara gane cewa sojan da ya taso daga gabas, da dokinsa mai cin hatsi da kayansa masu nauyi, ba zai taɓa cim ma Ba'apache a kan dutse ba. Sai ya riƙa ɗaukar Apachawa aikin soja na wata shida-shida a matsayin masu bin sawu, ana ba su bindiga da albashi, a ɗora musu ƙaramin hafsa farar fata guda. A 1883 da ya kutsa duwatsun Sierra Madre na Meziko, masu bin sawu 193 ya tafi da su, sojojin farar fata kuwa wajen 50 ne kawai. Wannan tafiya ce ta nuna wa 'yan Chiricahua cewa maɓoyarsu ta daina zama maɓoya.

Mai karatu zai ce, ashe maciya amana ne? Abin bai kai nan da sauƙi ba. Wasu daga rassan da ke gaba da Chiricahua suke tun asali. Wasu talauci da zaman banza na San Carlos ne ya kai su. Wasu kuma sun hango cewa yaƙin ba mai ciwuwa ba ne, gara a dawo da 'yan uwa da rai kafin a ƙarar da su.

Gatewood na cikin hafsoshin da aka ɗora wa waɗannan mutane. An haife shi a Woodstock ta jihar Virginia a 1853, ya gama makarantar hafsoshi ta West Point a 1877, aka tura shi Runduna ta 6 ta sojan doki. Dogo ne siriri, mai dogon hanci, har Apachawa suka sa masa suna Bay-chen-daysen, wato "Dogon Hanci". Ya yi yaƙi da tawagar Victorio, wani shugaban Apachawa, a 1879 zuwa 1880, ya shiga tafiyar Crook ta 1883, sannan aka ba shi kula da yankin Apachawan White Mountain daga barikin Fort Apache. Shekarun da ya kwashe yana kwana a ƙasa cikin sanyi da ruwa sun bar masa ciwon sanyin ƙashi da bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da ya fito da halinsa fili shi ne rigimarsa da wani alƙalin yanki farar fata mai suna Zuck, wanda Gatewood ya zarga da cutar Apachawa a harkar ciniki a cikin yankinsu. Ya kama shi. A Arizona ta wancan zamani, a kama farar fata saboda haƙƙin Ba'apache abu ne da ba a saba ji ba. Shari'ar ta watse, Zuck ya juyo ya maka Gatewood a kotu kan tsare shi ba bisa ƙa'ida ba, Crook kuma bai tsaya masa ba. Tsakaninsa da maigidansa ya lalace daga nan. Amma labarin ya zaga cikin Apachawa cewa Dogon Hanci ba ya magana biyu.

Kada a mai da shi waliyyi. Soja ne na gwamnatin da ta ƙwace ƙasar, ya farauci Apachawa, kuma ya yarda da ra'ayin zamaninsa cewa dole su bar rayuwarsu ta gado su koma noma. Abin da ya bambanta shi da yawancin takwarorinsa shi ne yana sauraro, kuma in ya faɗi abu haka yake.

Yadda soja 5,000 suka kasa kama mutum ƙasa da 40

A ranar 17 ga Mayun 1885 Geronimo da Naiche da wasu shugabanni suka sake ficewa, bayan taƙaddama da hukuma kan hana su dafa giyarsu ta masara da tsoma baki cikin harkokin gidajensu, ga kuma jita-jitar cewa za a kama Geronimo a rataye. Bayan wata goma ana bin su, suka zauna da Crook a wani kwazazzabo a Sonora a ƙarshen Maris 1886. Aka daidaita cewa za su yi zaman shekara biyu a gabashin Amurka sannan su dawo gida. A daren ne wani ɗan fasa-ƙwauri ya sayar musu da barasa, tsoro ya sake shigarsu, Geronimo da Naiche suka sulale da mutum ƙasa da 40, kusan rabinsu mata da yara. Washington ma ta riga ta ƙi amincewa da sharuɗɗan da Crook ya ba su. Crook ya nemi a sauke shi, aka kawo Janar Nelson Miles a Afrilu.

Miles bai yarda da masu bin sawu ba, ya sallami yawancinsu. Ya baza soja kusan 5,000, wato kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na dukan sojan Amurka na lokacin. Ya kafa tashoshin madubai a kan duwatsu masu aika saƙo da hasken rana. Ya tura zaɓaɓɓiyar tawaga ƙarƙashin Kyaftin Henry Lawton cikin Meziko. Wata huɗu suna yawo cikin zafi da ruwan sama, dawaki suka gaza, takalma suka yage, maza suka kwanta ciwo. Ba su kama ko mutum ɗaya ba.

Sai Miles ya koma ga dabarar da ya raina. A watan Yuli ya kira Gatewood, ya haɗa shi da 'yan Chiricahua biyu, Martine da Kayitah, waɗanda ke da dangi a cikin tawagar Geronimo, da wani matashin tafinta mai suna George Wratten. Gatewood bai so tafiyar ba, jikinsa ba lafiya, kuma yana ganin da wuya ya dawo da rai. Amma ya tafi.

Zaman bakin kogin Bavispe

A watan Agusta labari ya iso cewa wasu matan Apachawa biyu sun shiga garin Fronteras da sunan neman sulhu, sun sayi abinci da barasa sun koma. Gatewood ya bi sawunsu kwana da kwanaki, ana ɗaga wani yankin buhun fulawa a kan sanda a matsayin farar tuta. Da aka kusa, Martine da Kayitah suka hau dutsen su kaɗai. Ana hango su daga sama, ana shawarar a harbe su, wani ɗan uwan Kayitah da ke cikin mayaƙan ya hana. Kayitah ya kwana a zangon, Martine ya sauko da ɗan curin gasasshen tsiron da Apachawa ke ci, alamar cewa an yarda a gana.

Ranar 25 ga Agustan 1886 aka haɗu a wata kwana ta kogin Bavispe. Gatewood ya bar sojojin da suka rako shi a baya, kamar yadda aka gindaya masa, ya je da mutum kaɗan da tulin taba. A rubutun da ya bari ya ba da labarin yadda mayaƙan suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya daga cikin bishiyoyi, kowa da bindigarsa. Geronimo ne ya zo daga baya. Ya ajiye bindigarsa can gefe, ya zo suka gaisa, ya dube shi ya ce ya rame, ya tambaye shi me ke damunsa. Sannan ya zauna dab da shi, har Gatewood na jin ƙaramar bindigar da ke ƙugun dattijon tana taɓa cinyarsa. Aka naɗa taba, hayaƙi ya tashi. Geronimo ya ce a faɗi saƙon.

Gatewood bai yi kwana-kwana ba. Ya ce su miƙa wuya a kai su Florida, su jira abin da Shugaban Ƙasa zai yanke. In sun ƙi, a yi ta yaƙi har ƙarshe. Wurin ya yi tsit. Geronimo ya shafa idanunsa, ya miƙa hannuwansa suna rawa, ya tambaya ko akwai abin sha, domin kwana uku suka yi suna shan barasar Fronteras. Babu. Sai ya ba da tasa amsar: a mayar da su gonakinsu na Arizona, ko kuwa a gwabza.

A nan ne Gatewood ya faɗi maganar da ta karya musu gwiwa. Ya ce babu wanda za su tarar a can, domin ana kwashe dukan 'yan Chiricahua zuwa Florida, kuma uwar Naiche da matarsa da 'yarsa suna can tuni. Mutanen suka ware gefe suka yi ta shawara. Aka yini ana magana. Geronimo ya yi ta tambaya kan Miles, wanda bai taɓa gani ba: shekarunsa nawa, yaya muryarsa, yana kallon mutum cikin ido in yana magana, mutanensa na ƙaunarsa, yana cika alƙawari? Da rana ta yi sanyi sai ya ce wa Gatewood ya ɗauki kansa a matsayin ɗayansu, ya manta shi farar fata ne, ya tuna duk abin da aka faɗa a ranar, ya ba su shawara. Gatewood ya ce da shi ne, zai amince da Janar Miles ya riƙe maganarsa.

Washegari da safe suka ce sun yarda, bisa sharaɗi: za su riƙe makamansu har sai sun ga Miles, sojojin Lawton su yi musu rakiya don kare su daga sojan Meziko, shi kuma Gatewood ya yi tafiya tare da su, ya kwana a zangonsu. Haka aka yi. A hanya wata rundunar Meziko ta tare su tana neman a miƙa mata su, saura ƙiris a yi ɓarin wuta. A cikin hafsoshin Amurka ma an ji masu raɗe-raɗin a gama da su kawai. Mutum ɗaya mara lafiya ne ke tsakanin ɓangarorin nan, kowanne yana iya ɓallewa. Miles ya yi ta jan ƙafa kafin ya zo, sai ranar 4 ga Satumba aka kammala miƙa wuya a Skeleton Canyon, a kudu maso gabashin Arizona.

Saboda haka amsar tambayarmu ta farko a fili take. Mutanen da suka zo da ƙafarsu, da bindigoginsu a hannu, bisa sharuɗɗan da aka tattauna, ba a ce an kama su ba.

Alƙawari kaya ne

Bisa ga abin da Geronimo ya faɗa daga baya, Miles ya yi musu alƙawarin za su ga iyalansu cikin kwana biyar, za a ba su ƙasa da gidaje da dabbobi, a shafe abin da ya wuce. An ɗora wani babban dutse a kan bargo, aka ce yarjejeniyar za ta dawwama har sai dutsen ya zama gari. A Washington kuwa Shugaba Grover Cleveland yana ɗauka an kama su ne babu sharaɗi, kuma ya riga ya nuna a wayar tangaraho cewa shi ya fi son a rataye Geronimo. Miles bai fito ya bayyana wa shugabanninsa abin da ya yi alƙawari ba. Aka sa su a jirgin ƙasa ranar 8 ga Satumba, aka tsayar da su a San Antonio kusan mako shida ana gardamar yadda za a yi da su. Daga ƙarshe aka kai maza Fort Pickens, mata da yara Fort Marion, duk a Florida amma nesa da juna. Kwana biyar ɗin nan sai da suka zama wata bakwai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na waɗanda ba su yi laifin komai ba. 'Yan Chiricahua kusan 400 da ke zaune lafiya suna noma a Fort Apache, da yawansu tsofaffin masu bin sawu ne da suka yi wa Amurka aiki, duk aka tattara su aka tura Florida a matsayin fursunonin yaƙi. Chato, wanda ya yi wa Crook jagora, ya je Washington a wannan bazarar aka rataya masa lambar girma. A hanyar dawowa aka tsare shi aka wuce da shi kurkuku. Martine da Kayitah, da suka hau dutsen nan da ransu a hannu, su ma a jirgin fursunoni suka ƙare.

Mutanen busasshiyar ƙasa aka kai su wuri mai laima da sauro. Tarin fuka da zazzaɓi suka shiga cikinsu. Daga kusan mutum 500, wajen kashi ɗaya cikin huɗu sun mutu kafin ƙarshen 1889. An ƙwace yara sama da 100 aka kai makarantar Carlisle a Pennsylvania, inda ake aske musu gashi a hana su harshensu, da yawa ba su dawo ba. Aka mayar da su Alabama, sannan Fort Sill ta Oklahoma a 1894. Geronimo ya hau doki a jerin gwanon rantsar da Shugaba Theodore Roosevelt a 1905, ya roƙe shi ido da ido a bar su su koma Arizona, aka ƙi. Ya mutu a Fort Sill ranar 17 ga Fabrairun 1909 yana fursuna. Sai a 1913 aka saki sauran, bayan shekara 27: mafi yawa suka koma yankin Mescalero a New Mexico, wasu suka zauna a Oklahoma.

Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi

Rahotannin hukuma sun jingina nasarar ga matsin lambar da tawagar Lawton ta yi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin gudu ba hutawa ya gajiyar da mutanen Geronimo. Amma akwai dalilin da ya sa aka dushe rawar Gatewood: in aka ce 'yan Chiricahua biyu da wani tsohon yaron Crook ne suka gama aikin, to an yarda ke nan dabarar Crook ce daidai. Lawton ya zama janar. Leonard Wood, likitan da ya bi tawagar, ya sami babbar lambar bajinta ta Amurka, daga baya ya zama babban hafsan sojan ƙasa. Miles ya zama kwamandan dukan rundunar a 1895.

Gatewood ya yi shekaru a matsayin dogarin Miles, sannan ya koma rundunarsa. A 1892, a barikin Fort McKinney ta Wyoming, gobara ta tashi, wani abin fashewa da ake amfani da shi wajen tare wutar ya ragargaza masa hannun hagu. An nemi a ba shi lambar bajinta a 1895, aka ƙi, da hujjar cewa abin da ya yi ba a fagen musayar wuta ya yi shi ba. Ya mutu da ciwon daji na ciki ranar 20 ga Mayun 1896, yana da shekara 43, har lokacin yana laftanar. An binne shi a maƙabartar Arlington.

Masu yabonsa na cewa ya ceci rayuka, kuma haka ne: da an ci gaba da farautar, da wuya ɗaya daga cikin mutanen nan ya tsira, ga kuma makiyayan da za a ci gaba da kashewa. Masu sukarsa na cewa shi ne bakin da aka yi amfani da shi aka yaudare su. A ganina bai yi musu ƙarya da gangan ba, domin tun farko ya faɗa musu Florida za a kai su. Kuskurensa shi ne ya ba da shaida a kan mutumin da bai isa ya tilasta wa cika alƙawari ba. Amanar da ya shafe kusan shekara goma yana tarawa, a yini ɗaya manyansa suka kashe ta, kuma ba shi ne ya biya mafi tsadar farashin ba.

Me ya rage a yau?

Rigimar ƙasa tsakanin Apachawa da gwamnatin Amurka ba ta mutu ba, ta koma kotu ne. A gabas da birnin Phoenix akwai wani wuri mai suna Oak Flat, wanda Apachawan Yamma ke ɗauka da tsarki, a nan suke bikin balagar 'ya'yansu mata. A ƙarƙashinsa akwai ɗimbin tagulla. A Disambar 2014 aka cusa wani sashe cikin dokar kasafin tsaro da ya ba da damar miƙa wurin ga kamfanin Resolution Copper, mallakin kamfanonin haƙar ma'adinai na Rio Tinto da BHP. Masu goyon baya na maganar ayyukan yi da buƙatar tagulla wajen wayoyin lantarki da motoci masu batir, kuma har cikin mazauna yankin akwai masu wannan ra'ayi. Amma irin haƙar da za a yi za ta sa ƙasar ta rufta, ta bar rami mai faɗin kusan kilomita 3 da zurfin wajen mita 300. Ƙungiyar Apache Stronghold ta kai ƙara bisa 'yancin addini, tana kuma kafa hujja da wata yarjejeniya ta 1852 da Amurka ta sa wa hannu da shugabannin Apachawa. A watan Mayun 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙarar. Mai shari'a Neil Gorsuch, da abokin aikinsa Clarence Thomas na mara masa baya, ya rubuta cewa ƙin sauraron babban kuskure ne.